Ƴan ɓawon teku a ƙwanƙolin duwatsu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Malbaza ko ya hau duwatsun Adar ya san ana tsintar wasu ƴan duwatsu masu siffar makankari ko dodon koɗi, a wurin da babu kogi balle teku. Yara suna wasa da su, manya suna wucewa ba su ko duba. Masana ilmin ƙasa kuwa sun ce waɗannan shaida ce cewa teku ta taɓa rufe wurin, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. To, yau nesa za mu tafi da ku, zuwa duwatsun Pakistan da Iran da Italiya da ƙasar Sin, inda ake haƙo wasu ƴan ɓawon da suka girmi na Adar har ninki huɗu. Sunansu birakiyofod. Akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen rarrabe su iri-iri, kuma aikin nan nasu yana cikin abubuwan da suka tona labarin mutuwa mafi girma da ta taɓa faɗa wa halittun duniya.

Wace irin halitta ce?

Birakiyofod halitta ce ta cikin teku, mai taushin jiki, tana zaune cikin ɓawo biyu. Wanda bai sani ba zai ce kawa ce, ko makankarin kogi, alhali kuwa ko dangi ba su haɗa ba. Ga yadda ake gane su. Ɓawon makankari tagwaye ne, na dama da na hagu, kamar tafin hannu biyu in an haɗa su, amma in ka ɗauki guda ɗaya za ka ga karkatacce ne. Na birakiyofod kuwa ɗaya ya fi ɗaya girma, kamar tukunya da marfinta, amma in ka ja layi a tsakiyar ɓawo guda, gefen dama daidai yake da na hagu, kamar fuskar mutum.

A cikin ɓawon akwai wasu hannuwa biyu naɗaɗɗu masu gashi ƙanana. Da su take jawo ruwa, ta tace ɗan abincin da ke ciki. Masanan farko sun zaci da hannuwan nan take tafiya, shi ya sa a farkon ƙarni na 19 wani Bafaranshe mai suna Duméril ya laƙaba mata suna da harshen Girka mai ma'anar hannu da ƙafa. Zaton kuskure ne, domin ba ta tafiya ko'ina: yawancinsu wata jijiya ce ke fitowa ta wani ɗan rami a bakin ɓawo ta ɗaure su ga dutse. Amma suna ya riga ya bi ta. Yau irin da suka rage da rai ba su wuce kimanin 400 ba, galibi cikin ruwa mai sanyi ko mai zurfi. A zamanin da muke magana kuwa su ne suka cika ƙasan teku, kamar yadda tsakuwa ke cika fako.

Wannan zamani shi ake kira Permiyan. Wani Bature ɗan Burtaniya, Roderick Murchison, ya raɗa masa sunan a 1841, bayan ya zaga ƙasar Perm ta Rasha. Ya fara kimanin shekara miliyan 299 da suka wuce, ya ƙare wajen miliyan 252. A lokacin ƙasashen duniya a haɗe suke, dunƙule guda da ake kira Panjiya, da wata teku mai ɗumi, Tetis, da ta kutsa cikinta ta gabas. Kashin ƙarshe na zamanin, watau shekara miliyan 7 da ɗoriya kafin ƙarewarsa, shi ne abin da ya dame mu a nan. Laka da ɓawon da suka kwanta a ƙasan Tetis suka daskare suka zama dutsen farar ƙasa, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Da daɗewa bayan haka Indiya ta tunkuɗi Asiya, Afirka ta tunkuɗi Turai, sai ƙasan teku ya lanƙwashe ya tashi sama. Dalilin ke nan mai neman halittar teku yake hawa tsauni da guduma a hannu.

Daga tsauni zuwa ɗakin bincike

Aikin yana farawa da awo. Masani zai nemi wurin da kwazazzabo ya yanke dutse har shimfiɗun suka bayyana, ya auna kaurin kowace, ya ba ta lamba, sa'an nan ya fasa ya kwashe ɓawon da ke ciki, kowace shimfiɗa da jakarta. Ta ƙasa ta girmi ta sama, muddin dutsen bai kife ba. Ɓawon da aka tsinta a gindin tsauni, ba a san inda ya gangaro ba, amfaninsa kaɗan ne, ko da ya fi kowane kyau.

A ɗakin bincike ana fara duba waje: faɗin ɓawo da tsawonsa, ko dukansu biyu kumburarru ne ko ɗaya ya lotsa cikin ɗaya, yawan zanen da ke jikinsa, da gurbin ƙayoyi in yana da su. Sai dai a nan ne tarko yake. Halittu biyu da ba su haɗa kaka ba, in sun daɗe suna zama cikin laka iri ɗaya da ruwa iri ɗaya, sai siffarsu ta waje ta zo ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Saboda haka hukunci na gaskiya yana ciki: haƙoran da ke riƙe ɓawo biyu da gurabensu, tabon da tsoka ta bari, da kuma ƙashin da ke tallafe hannuwan nan masu gashi. Wasu nasu naɗe yake kamar gammo, wasu zobe ne, wasu ƴan ƙugiyoyi biyu kurum, wasu kuma ba su da shi sam. Da wannan ake raba manyan zuriyoyinsu.

To, yaya za a ga cikin abin da ya rufe bakinsa ya cika da dutse tun shekara miliyan 250? Tsohuwar dabara ita ce a goge shi. Ana ɗora ɓawon bisa magogi a ci ɗan kaɗan, abin da bai kai kaurin farce ba, a zana abin da ya bayyana, a sake gogewa, a sake zanawa, har a gama da shi. Daga jerin zanen nan sai a gane yadda cikin yake. Wata masaniya ta gidan tarihi na London, Helen Muir-Wood, ta yi suna wajen wannan aiki. Illarsa a fili take: ka sami sani, ka rasa ɓawon. A yau akwai na'urar hoto irin ta asibiti da ke leƙa ciki ba tare da an taɓa shi ba, amma ba kullum take rabe ɓawo da dutsen da ya cika shi ba, tunda sau da yawa sinadarinsu ɗaya ne. Shi ya sa har yanzu ba a jefar da magogi ba.

Dabara ta biyu sai an yi sa'a. A wasu wurare sinadarin rairayi ya maye gurbin ɓawon tun yana cikin ƙasa. In aka jefa irin wannan dutse cikin ruwa mai ci da ake kira asid, sai farar ƙasar ta narke, ɓawon ya fito sumul, har da ƙayoyinsa masu sirantaka kamar allura. Wani Ba'amurke, Arthur Cooper, ya fara kwasar irin waɗannan duwatsu a yammacin Tekzas a 1939, yana kai su Washinton yana narkarwa. Shi da abokin aikinsa Richard Grant suka fitar da sakamakon cikin littafi 6, daga 1972 zuwa 1977. Duwatsun Tekzas sun ɗan girmi na ƙarshen Permiyan, amma abin da aka gani cikinsu ya canza fahimtar zuriyar da ta fi kowace yawa a zamanin, watau Productida. Waɗannan sun bar jijiyar ɗauri, suka kwanta bisa laka mai taushi, ƙayoyinsu suka bazu suka hana su nutsewa, kamar yadda faɗin tafin raƙumi ke hana shi nutsewa cikin rairayi. Kafin nan, galibi gurbin ƙayoyin kawai ake gani.

Haƙorin kifin da ba na kifi ba

Raɗa suna yana da doka, tun daga tsarin da Linne na ƙasar Suwidin ya kafa wa dabbobi a 1758. Kowane iri yana da suna biyu da Latin, na dangi da na kansa. Wanda ya raɗa suna dole ya ware ɓawo guda ya ajiye a gidan tarihi, ya zama ma'auni, kamar tiyar da sarkin kasuwa ke riƙewa domin ranar gardama. In kuma aka tarar mutum biyu sun raɗa wa abu ɗaya suna biyu, na wanda ya riga shi ke tsayawa.

Ga misalin da ya nuna wuyar aikin. Tsakanin 1868 da 1872 wani Bajamushe, Ferdinand von Richthofen, ya zaga ƙasar Sin, ya kwaso duwatsu daga wajen haƙar gawayi na Loping, a lardin Jiangxi. Ya miƙa su ga Emanuel Kayser, wanda ya buga bayaninsu a 1883. A cikinsu akwai wani abu mai tsage-tsage a jere dama da hagu, kamar ganyen dabino. Kayser ya ce haƙorin kifi ne, ya sa masa suna Leptodus. A shekarar nan dai wani Bajamushen, Wilhelm Waagen, da ya yi wa hukumar binciken ƙasa ta Indiya aiki, ya bayyana irin wannan abu daga Duwatsun Gishiri na Panjab, waɗanda yau suke cikin Pakistan. Shi ya gane birakiyofod ne wanda marfinsa ya tsattsage, ya kira shi Lyttonia, domin girmama Lytton, wanda ya yi gwamnan Indiya. Waagen ne ya yi daidai, amma Kayser ya riga shi, saboda haka sunan da aka raɗa bisa kuskure shi ya tsaya. Abin da ya rage wa Waagen shi ne sunan gidan gaba ɗaya, Lyttoniidae, wanda ake amfani da shi har yau. Loping ɗin nan kuwa, wadda Kayser ya ɗauka duwatsunta na zamanin Karbonifer ne, ita ce daga baya ta ba kashin ƙarshe na Permiyan sunansa, Lopinjiyan.

Wani ɗan gidan ma ya ruɗi de Koninck na ƙasar Beljik a 1863, ya sa shi cikin dodon koɗi. Abin dariya, sunan da ya ba shi, decipiens, ma'anarsa mai yaudara. Waagen ya gyara, ya mai da shi Oldhamina decipiens. Wani kuma, Richthofenia, ya miƙe kamar ƙaho da ɗan marfi a ciki, har masana suka yi ta jayayya ko murjani ne. Ƙarshen Permiyan cike yake da irin waɗannan masu baƙuwar siffa.

Babban rabon ma bai zauna wuri ɗaya ba. Tun 1869 ana bin Thomas Huxley, ana kasa su biyu: masu haƙori a mahaɗin ɓawo da marasa shi. A 1996 Alwyn Williams da abokansa suka sake lissafi, suka duba har da sinadarin ɓawo da yadda halittar ke girma, suka mai da su kashi 3. Babban kundin da aka sake rubutawa bisa wannan tsari ya ci littafi 6, daga 1997 zuwa 2007.

Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan wani da sunan ɓawo? Ga inda ruwan yake. Akwai masanan da ke son tsagawa, da sun ga ɗan bambanci sai sabon suna. Akwai masu son haɗawa, masu cewa yaro da tsoho ba su kama ba amma gida ɗaya ne. In iri guda ya sami suna uku a ƙasashe uku, mai ƙidaya zai rubuta cewa iri uku ne suka mutu, kuma ba zai gane cewa duwatsun wuraren nan sa'o'in juna ba ne. In kuma aka cusa iri uku cikin suna guda, sai a ga kamar wani iri ya yi tsawon rai, alhali magadansa ne. A ganina masu tsagawa sun fi barin wahala ga na baya, domin goge suna ya fi raɗa shi wuya, amma kowane ɓangare ya taɓa ɓad da lissafi.

Gardamar iyaka

Tambayar da ta fi cin rai ita ce: a wace shimfiɗa Permiyan ya ƙare, zamanin Tiriyas ya fara? An nemi amsar a wurare da dama. A Julfa, bakin kogin Aras da ke iyakar arewacin Iran, Hermann Abich ya bayyana ɓawon wurin tun 1878, kuma sunan kogin na dā yana cikin sunan wani dangi, Araxilevis. A duwatsun Dolomit na arewacin Italiya akwai Comelicania, babba mai fukafukai biyu, wanda ake samu dab da iyakar, sa'an nan ya ɓace.

A Duwatsun Gishiri kuwa abin ya rikice. Bernhard Kummel da Curt Teichert sun buga bincikensu a 1970, inda aka ga birakiyofod masu kamar na Permiyan cikin shimfiɗar farko da ake lissafawa ta Tiriyas. Shin tsira suka yi na ɗan lokaci, ko kuwa ruwa ne ya tono tsofaffin ɓawo ya sake binne su cikin sabuwar laka? Grant ya duba ɓawon shimfiɗun da ke ƙasa, waɗanda ake kira Chhidru, ya ce sun girmi ƙarshen Permiyan nesa, watau akwai babban giɓi a wurin. Daga baya aka koma ga wasu ƙananan haƙora da ake kira konodon, na wata halitta mai kamar gwando da ke iyo ko'ina cikin teku, suka nuna Chhidru ta Lopinjiyan ce. Darasin ya fito: birakiyofod mazaunin wuri ɗaya ne, na ruwan sanyi dabam, na ruwan ɗumi dabam, saboda haka ya fi iya faɗin halin wuri bisa faɗin lokaci.

A 2001 ƙungiyar masana ilmin ƙasa ta duniya ta yanke hukunci. Ta zaɓi wani tsohon wurin fasa dutse a Meishan, lardin Zhejiang na ƙasar Sin, ta ce iyakar tana cikin shimfiɗa ta 27, wadda kaurinta santimita 16 ne kacal, daidai inda wani konodon mai suna Hindeodus parvus ya fara bayyana. Sa'ar wurin ita ce akwai tokar aman wuta a sama da ƙasa, kuma ana iya auna shekarunta. Awon da aka buga a 2014 ya ba da shekara miliyan 251.9, ya kuma nuna cewa mutuwar ta auku cikin kimanin shekara 60,000. A ma'aunin duwatsu wannan ƙiftawar ido ce.

Abin da ya faru ya wuce misali. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ire-iren halittun teku suka ƙare. A Meishan da sauran wurare na kudancin Sin ana ganin abin shimfiɗa bayan shimfiɗa: manyan birakiyofod masu ƙaya da masu tsage-tsage suka fara tafiya, wasu ƙanana da ba su kai farce ba suka ɗan jure har cikin farkon Tiriyas, kana su ma suka bi. Zuriyar Productida ta ƙare ƙaf. Wanda ya ci gajiyar kufai shi ne Lingula, ɗan siriri mai tona rami cikin laka, mai jure ruwan da iska ta yi wa ƙaranci. Danginsa suna nan har gobe, ana ma cin su a Japan. Amma birakiyofod ba su sake komawa matsayinsu ba, kawa da makankari suka gaje ƙasan teku.

Yawancin masana sun ɗora laifin bisa aman wuta na Siberiya, wanda ya malala bisa ƙasa mai faɗin gaske, ya ƙone gawayi da sauran abin da ke ƙarƙashi, ya cika sama da iskar karbon. Ruwan teku ya ƙara zafi da kimanin digiri 10, iskar shaƙa ta ragu cikinsa. A nan ma ɓawon ya ba da shaida, domin na birakiyofod yana cikin waɗanda suka fi riƙe sinadarinsu na asali. Wani bincike da aka buga a 2020, wanda ya auna sinadarin boron cikin ɓawon da aka samo a Italiya da Sin, ya nuna ruwan teku ya yi tsami farat ɗaya a daidai lokacin. Masu nazarin ɗumamar duniya ta yau suna karanta wannan da natsuwa. Kuma awon ba ya yiwuwa sai an san irin ɓawon da aka ɗauka da shimfiɗar da ya fito, tunda ba kowane iri ke gina ɓawonsa hanya ɗaya ba.

Akwai amfani na kusa kuma. Birakiyofod sun nuna cewa wasu yankunan Iran da Tibet da Tailan sun ɓalle daga kudu mai sanyi suka yi arewa, domin na shimfiɗunsu na farkon Permiyan na ruwan sanyi ne, na ƙarshe kuwa na ruwan ɗumi. Duwatsun wannan zamani ne kuma ke riƙe da rijiyar gas mafi girma a duniya, wadda Katar da Iran suka haɗa, kuma mai haƙa ba ya zuba kuɗi sai ya san shimfiɗar da yake ciki.

Ina ƙasarmu a lokacin?

Nijar tana tsakiyar Panjiya, nesa da kowace teku, saboda haka ba a samun birakiyofod na ƙarshen Permiyan a nan. Duwatsun zamanin dai muna da su, kusa da Arlit, ana kiransu shimfiɗun Moradi (kada a ruɗe da birnin Maraɗi, tsakaninsu tafiya ce mai nisa). Abin da ke cikinsu dabbobin tudu ne da na tafki. Philippe Taquet ya bayyana Moradisaurus a 1969. A 2003 aka bayyana Bunostegos akokanensis, mai girman saniya da ƙulle-ƙulle a ka, wanda ya ɗauki sunan Akokan, sa'an nan a 2005 aka ƙara da Nigerpeton. Rashin halittun teku cikin duwatsun nan shi ya sa daidaita shekarunsu da na Meishan ko Julfa yake da wuya, sai dai a gwada ƙasusuwan da na Rasha da Afirka ta Kudu.

Birakiyofod ɗinmu suna can arewa maso gabas, a yankin Jado, cikin duwatsun da suka girmi Permiyan, na lokacin da teku ta shigo daga arewa. Ma'aikaci ko matafiyin da ya ci karo da irinsu, ko da na Adar ne, abin da ya fi shi ne ya rubuta sunan wurin da daidai inda ya gan su a jikin dutsen, ya bar sauran a inda suke, ya sanar da ma'aikatar ma'adinai ko sashen ilmin ƙasa na jami'ar Yamai.